Kawu, amfilifayata tana zafi kamar tandu: tambayoyinku da amsoshinmu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan kusan duk saƙon da ya shigo kan zafin amfilifaya ne, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi sifika, to ba mamaki, mun shiga saifi, wato lokacin zafi, a Saudiyya, ƙasar da bututun ruwan sanyi ma sai ya ƙona maka hannu in ka buɗe shi da azahar. Na zaɓo guda biyar, wasu na gajarta su saboda tsayi, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni direba ne a Jidda, ina zaune a mulhaƙ, wato ɗakin kan rufi, can saman bene na huɗu, ɗaki ɗaya da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na taga wanda ba na kunnawa sai dare saboda fatura, wato kuɗin wuta. Na je Harajin Sawarik, kasuwar gwanjo, na ga wata tsohuwar amfilifaya mai nauyi wlh da ƙyar na ɗaga ta, mai ita ya ce min wai kilas A ce, irin wadda masana sauti ke nema, wat 25 kacal kowane gefe amma wai ta fi mai ɗari daɗi. Ya kunna min na ji, gaskiya sautin ya yi, amma kafin mu gama ciniki na taɓa gefenta na ji zafi rau. Sai abokina ya ce in bar ta in sayi 'yar ƙaramar nan kilas D da ake kawowa ta intanet mai girman sabulu. Ni karatun Alƙur'ani nake ji da waƙoƙin gida sai kallon ƙwallo. Wacce zan ɗauka?

AMSA: Ɗana, mai kayan bai yi maka ƙarya kan sautin ba, abin da ya ɓoye shi ne bai tambaye ka ina kake kwana ba. Bari in fara maka da abu ɗaya wanda in ka riƙe shi ka gama da rabin matsalar: duk wutar da amfilifaya ta ja daga bango, ko dai ta fita zuwa sifika don a yi sauti, ko ta zama zafi a cikin akwatin, babu hanya ta uku. To bambancin A da AB da D ɗin nan da ake ta faɗa, ba wai daraja ba ce kamar sakamakon jarabawa, yadda aka tsara tiransistocin fitar da sauti ne su yi aiki, wato ƙananan sassan da ke tura wuta zuwa sifika.

A kilas A tiransistocin a buɗe suke kullum, wuta na bi ta cikinsu ko ana sauti ko ba a yi, kamar ka bar mota a kunne kana taka mai alhali tana tsaye. A lissafin littafi ma, mafi sauƙin tsarinta kashi 25 cikin ɗari kawai take iya mayarwa sauti, wani tsarin ya kai 50, kuma wannan sai an ƙure ta. Irin wadda ka gani mai wat 25 sau biyu, in da gaske kilas A ce zalla, ba za ta gaza cin wat 100 ba tana zaune shiru, da yawansu 150 zuwa 200 suke ci, kuma duk zafi ne. Abin dariya ma, lokacin da ka rage murya ta fi zafi kan lokacin da ka ƙure, don babu abin da ke fita ta sifika. Kilas AB, wato yawancin manyan amfilifayoyin da muka saba gani a gidaje, tana jan wuta kaɗan in ba sauti, ta ƙara ja in ka ƙara murya, iyakar ta a lissafi kashi 78 da ɗoriya, a aikace dai 50 zuwa 60 in an matsa mata. Ita kuwa D kunna-kashe take yi sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, tiransista ko a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, shi ya sa take kai kashi 90 ko kusa, shi ya sa kuma za ka ga abu kamar sabulu yana tuƙa manyan sifiku bai ko yi gumi ba.

Yanzu maganar fatura, don na san nan hankalinka ya tafi. Wat 200 awa biyar kullum kilowat ɗaya ke nan a rana, talatin a wata. Kuɗin wutar gida tun 2018 halala 18 ne kowane kilowat in ba ka haura 6000 a wata ba, ka ga riyal biyar da 'yan halaloli ke nan kafin haraji, bai kai kuɗin shawarma biyu ba. Zafin da za ta ƙara wa ɗakin ma, mutum a zaune jikinsa na fitar da kusan wat 100, to ka ɗauka ka yi baƙi biyu waɗanda ba sa tafiya. In mukayyif na aiki ba zai ma ji a jikinsa ba, wat 200 bai kai BTU (ma'aunin zafi) 700 a awa ba, shi kuma mukayyif tan ɗaya da rabi 18,000 ne. Don haka ba aljihunka nake ji wa tsoro ba, ita na'urar nake ji wa.

Haƙarƙarin alminiyam ɗin nan da ka taɓa a gefenta, wanda mu masu gyara muke ce wa hitsink, ba ya sanyaya komai da kansa, kwashe zafi yake ya miƙa wa iskar ɗaki. Ka ɗauka an ƙera shi ya haura zafin ɗaki da digiri 25. A ɗakin Bature mai digiri 22 zai tsaya a 47, lafiya lau, ka ɗora hannu ka yi ta hira. A mulhaƙ ɗinka da la'asar, rufin siminti ya sha rana tun safe, mukayyif a kashe, in ɗakin ya kai 40 to shi yana 65 ke nan, abin da ke can ciki kuma ya fi haka. Kuma kar ka ce na zuzuta, Jiddar nan an auna digiri 52 a watan Yunin 2010, Makka ta yi 51.8 a lokacin aikin hajjin 2024. Ka duba ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, da yawa za ka ga sun rubuta a yi amfani da na'urar tsakanin digiri 5 zuwa 35, wato ɗakinka ya riga ya fita daga lissafinsu tun kafin ka soka fish a bango.

Abin da zafi ke fara ci ba tiransista ba ne, su suna jure har wajen 150 a cikinsu. Kafasita ce, waɗannan masu kama da gwangwanin batir, akwai ɗan ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2000 a digiri 85, in tana zaune a 45 za ta yi wajen awa 32,000, shekara sha bakwai ke nan in awa biyar kake ji kullum, amma a 65 awa 8000 ne, shekara huɗu da 'yan watanni. To kai kuma musta'amal, wato ta hannu, za ka saya, ba ka san nawa ta riga ta ci daga kwananta ba, kuma a haraj babu garanti, da ka juya baya shi ke nan.

Ni dai da ni ne kai D zan ɗauka, ba na ɓoye maka. Masu cewa sautinta bushe ne, da can suna da gaskiya, na yanzu masu kyau kuwa a ɗaki irin naka da mukayyif na taga ke gurnani ban yarda kunnenka zai raba ba. Sai dai fa ka buɗe ido, ba girin-girin ba ta yi mai. Za ka ga an rubuta wat 1000 ko a liƙa PMPO, wata lambar wat ta talla, ka share, ka juya adaftar ka karanta: in an sa 12V 2A, sha biyu sau biyu wat 24 ke nan, daga ina dubun za ta fito? Da yawa daga cikin ƙananan nan cif ɗin TPA3116 na kamfanin Texas Instruments ne a ciki, abu ne mai kyau, yana iya ba da wat 50 kowane gefe a sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin tirjiyar sifika ga wuta), amma sai an ba shi wuta wajen bolt 21 zuwa sama, da adafta mai 12 da ƙyar ka samu 18. Kuma sau da yawa adaftar ce ke fara mutuwa don ita ake jefarwa bayan kujera kan kafet. Ka ɗaga ta ka ɗora kan tayil ko katako.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya iyali. Daga Makka nake, wajen Shari Mansur. Maigidana ya sayo mana babbar na'urar sinima ta gida mai sifika biyar, na sa ta cikin dulab ɗin talabijin mai ƙofar gilas saboda yara da ƙura, na ɗora mata risibar dish a kai na kuma lulluɓe da ɗan kyalle mai ado. To yanzu in muna kallo kamar minti arba'in sai ta yi ƙas ta ɗauke, wata 'yar jar wuta ta riƙa ƙiftawa, in an jima ta dawo. Shi ya ce wai na lalata ta ne da goge-goge. Ta lalace ne?

AMSA: Hajiya lafiya lau alhamdulillah. Ki gaya wa Alhaji ba goge-goge ba ne, amma fa ki yi haƙuri, hannunki na ciki. Ba ta lalace ba tukuna, ɗaukewar nan da take yi kare kanta take, akwai abin auna zafi a ciki da ke yanke wuta in ya haura iyaka, da babu shi da tuni kun ji ƙauri. Ki duba samanta da ƙasanta za ki ga ramuka jere, iska mai sanyi ta ƙasa take shiga, ta ɗau zafi ta fita ta sama kamar hayaƙin murhu. Ke kin toshe saman da risiba, wadda ita ma zafinta take yi, kin ƙara da kyalle, kin kuma rufe ƙofa, iskar da ta fito ita ce dai za ta koma ciki tana ƙara zafi.

Na taɓa buɗe irin wannan a shago, daga wani gida aka kawo ta, shekararta uku kacal cikin dulab. Da na cire murfi na ga kafasitoci huɗu kawunansu sun kumbura sun taso kamar ƙosai a mai, ɗaya har ta tsage ta zubo da wani abu ruwan ƙasa ya bushe kan allon lantarkin da ke ciki, allon kansa kewayen tiransistocin ya sauya launi ya koma kamar gasasshen burodi, robar ƙafar risibar da aka ɗora mata kuwa ta narke ta bar tambari huɗu a kan murfin. Mai ita yana ta rantsuwa ba a taɓa ƙure mata murya ba, kuma na yarda da shi, don irin waɗannan manyan na sinima ko ba sauti allon da ke sarrafa hoto da HDMI zafinsa yake yi.

Ki sauke risibar, kyallen kuma ya zama na lokacin da aka kashe ta ta huce kawai. Wasu kamfanonin a littafinsu suna neman a bar santimita 30 a sama, 20 a gefe da baya, kusan taƙi ɗaya da rabi ke nan a sama. Na san dulab ɗinmu ba kasafai yake da wannan filin ba, to in dole sai a ciki, a cire katakon baya gaba ɗaya ko kafinta ya yanka babban rami, a matsar da dulab ɗin daga bango, ƙofar gilas a buɗe in ana kallo. In yara ne damuwar, a sauya gilas da raga. Sannan akwai 'yar fankar kwamfuta mai santimita 12 mai jona USB, a kwantar da ita a kan ramukan sama tana zuƙo iska waje, kar a juya ta tana hura ciki don za ta yi faɗa ne da zafin da ke son tashi. Ki duba cikin saitin ko akwai inda aka rubuta ECO, in akwai ki kunna, yana rage wutar da take ci in murya ba ta da yawa. In an yi duk wannan ta ci gaba da ɗaukewa, a leƙa bayanta, wani lokaci silin waya ɗaya ne na sifika ya zaro ya taɓa ɗan'uwansa.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne a Madina. Mun yi walimar wani ɗan'uwa a istiraha, wato gidan hutu na haya, na ɗauki amfilifayar ɗakina na jona mata sifika huɗu maimakon biyu, biyu-biyu a kowane rami, don sauti ya kai tsakar gida. Awa ɗaya ta yi ta mutu har yau ba ta tashi ba. Ai na ga wat ɗin sifikun bai wuce nata ba?

AMSA: Ɗana ba wat ba ne ya kashe ta, om ne. Ka duba bayan kowace sifika za ka ga 8 ko 6 ko 4 da wata alama kamar takalmin doki a gefe. In ka murɗa wayoyin sifika biyu masu om 8 ka cusa rami ɗaya sun koma om 4, wato ka faɗaɗa wa wuta hanya, a murya iri ɗaya za ta ja ninki biyu. In kuwa masu 4 ne ka haɗa, sun koma 2, wannan kam amfilifayar gida kaɗan ce ke ɗauka. Ka haɗa da cewa waje ne, babu bango da zai dawo da sauti, sai ka yi ta ƙara murya har ƙarshe, ga iskar daren Madina a saifi da ita kanta kamar daga tanda take fitowa. Ko masu ramukan sifika na A da B ɗin nan, karanta ƙaramin rubutun da ke gefensu, yawanci za ka ga in A ko B kaɗai ne an yarda da om 4, in an haɗa duka biyun sai 8 zuwa sama. Kai ta wajen mai gyara, in ka yi sa'a fiyus ne, in ba ka yi ba tiransistocin fita ne suka tafi, kuma ka ce ya gwada sifikun ma musamman 'yan ƙananan masu siririn sauti, don in amfilifaya ta ƙure ta fara kakkarya sauti su take fara ƙonawa. Gaba in za a yi taro a yi hayar kayan taro, su da fankarsu a ciki suke zuwa.

Ga wani abu da mutane ba sa dubawa wajen saye: akwai lamba a bayan sifika ko a kwalinta kamar 87dB ko 90dB, ita ke nuna ƙarar da sifikar ke yi da wutar da aka ba ta. Duk bambancin 3 rabin wuta ne, mai 90 da wat 10 za ta yi ƙarar da mai 87 sai da wat 20. Wanda ɗakinsa ke da zafi, gara ya kashe kuɗin a nan da ya je neman amfilifaya mai ƙaton wat.

TAMBAYA: Baba, in na ajiye ta daidai bakin mukayyif iska na dukanta fa? Wani ma ya ce in ɗora mata robar ƙanƙara a kai. Daga Jidda.

AMSA: Ƙanƙara kam a'a, wanda ya ba ka shawarar nan ka tambaye shi ko yana da shagon gyara ne yake neman kasuwa. Robar za ta yi zufa ruwan ya bi ramukan ya sauka kan allo. Bakin mukayyif ma ban so, musamman a Jidda da iskarta ke ɗauke da laima da gishirin teku, ƙarfe ya yi sanyi ƙalau sai a kashe mukayyif a buɗe taga, nan take raɓa ta kwanta masa ciki da waje, yau da gobe sai tsatsa. Ga mukayyif na taga da kan tofo ruwa in ya tsufa. Mutanen Riyad da ke amfani da mukayyif sahrawi ku ma wannan ya shafe ku, iskarsa da ruwa take fitowa. Ɗakin ya yi sanyi, ita tana gefe inda iska ke zagayawa, ya wadatar. Gwajin da nake yi shi ne bayan awa ɗaya tana aiki in kifa tafin hannu a kanta, in na ƙirga biyar ban ji dole in ɗauke ba to da sauƙi, banda kilas A da mai kwalba, wato mai ƙwayayen gilashi maimakon tiransista, su zafi halinsu ne, mai kwalba kar ma ka gwada taɓa gilashin. Ƙura kuwa bargo ce, bayan kowace guguwa ka cire fish, ka bi ramukan da busasshen burushi ko abin hura iska. Kar ka buɗe murfi in ba aikinka ba ne, manyan kafasitocin nan suna riƙe wuta ko an cire daga bango, ni sun taɓa koya min hankali ina yaron shago, sukundireba sai da bakinta ya yi baƙi.

TAMBAYA: Kawu zan koma gida Kano in Allah ya yarda bayan Maulidi, ina so in saya wa mahaifina amfilifaya a kasuwar Bat'ha in sa a kago. Akwai abin da zan duba?

AMSA: Allah ya kai ka lafiya, ka gaida Baba. Ka juya bayanta ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin ka biya. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50 ce. Taransifomar da aka naɗa don 50 in ta zo nan ba ta da matsala, amma wadda aka yi don 60 kaɗai in ta je ƙasar 50 ƙarfenta yana ƙoshi da wuri, ta riƙa gurnani tana zafi ko ba a kunna sauti ba. To ka nemi wadda aka rubuta 50/60Hz, yawancin sababbi haka suke. Hatsarin yana wajen musta'amal, don ƙasar nan ta daɗe da wuta iri biyu, 127 da muke ce wa mi'a wa ashara da kuma 220, sai a 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 sannu a hankali, saboda haka haraj cike yake da tsofaffin kaya 'yan 110 ko 120 irin na Amurka. Wannan in Baba ya soka ta a soket ɗin Kano ko bismillah ba zai ƙarasa ba. In akwai ɗan makunnin zaɓen bolt a baya, ka mayar da shi 220 ko 240 da hannunka tun a nan ka liƙe shi da salatif.

Tunda kuma gida wuta sai a hankali, yau ta zo da ƙarfi gobe rabi, jibi janareta ko sola, ni zan fi so ka kai masa kilas D mai adaftar da aka rubuta 100 zuwa 240, ba ta damu da hawa da saukar wuta sosai ba, ba ta cinye batirin sola, kuma zafin Afrilun Kano ba wasa ba ne, ka san ɗakin kwano. Ga ta ba nauyi, ba sai ka biya kago ba ma, jakar hannu ta ishe ta. In kuwa Baba irin dattijan nan ne da sai sun ga abu mai nauyi suke yarda kaya ne, to ka haɗa masa da sitabilaiza, ka kuma roƙi Inna kar ta lulluɓe ta da ɗankwali in tana aiki.